Jan Ƙyallen da Ke Tsayar da Kyarkeci a Montana

Shekarata goma sha ɗaya ina kafa wa makiyayan jihar Montana ta Amurka shingen tare kyarkeci, ni da yarana uku. Waya ce mai wutar lantarki, an ɗinke jajayen ƙyallaye a jikinta, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kamar santimita 45. Iska na kaɗa su, kyarkeci ya zo ya yi ta zagaye yana shinshina, ya kasa ƙetarewa. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya kai hanci, wuta ta sallame shi.

A 1995 da 1996 aka kwaso kyarketai 31 daga Kanada aka sake su a gandun dajin Yellowstone da ke kan iyakar Montana, wasu 35 kuma a tsakiyar jihar Idaho mai maƙwabtaka. To, kyarkeci bai san iyakar gandu ba. Garken elk, manyan barewar nan masu ƙaho kamar reshen bishiya, na arewacin gandun ya sauko daga kusan 19,000 a 1994 zuwa ƙasa da 4,000 a 2013, ko da yake beyar da fari da maharba duk sun sa hannu. Aka rufe farautar elk ta hunturu da ake yi a Gardiner, wani gari a bakin gandun, masu kai baƙi farauta suka ji jiki. Makiyayi kuwa, diyya sai an ga gawar maraƙi an tabbatar. Ramar da shanu ke yi saboda firgici babu mai biyansa.

Sana'ar nan a wajen kawuna na fara ta, a ƙauyenmu kusa da Maraɗi, muna zagaye garke da ƙaya saboda kura. Ba ya barin a sari ƙaya sai an bi sawu an ga ta inda take shigowa. Har yau haka nake yi: da asuba, cikin ƙanƙara, sai na bi sawun kafin mu kafa turke ko ɗaya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kwaikwayo. Su sayo yadi mai araha, mako uku rana ta cinye launin, ƙyallen ya nannaɗe a waya, ga ƙofa an buɗe wa kyarkeci. Ciyawa ta taɓa waya ta zuƙe wutar, ba su ko waiwaya. Sannan mutum ya zo yana taya nawa da kuɗin nasu! Namu ɗinki biyu ne, kuma duk mako ina zuwa da kaina in gwada ƙarfin wutar.

Da an gama haihuwar shanu muke naɗe shingen, don idan ya wuce wata biyu kyarkeci sabawa yake yi. Mai son aikin Fabrairu ya yi magana tun Disamba.