Turaren Sallah ne ya ja min, ga abin da na kwaso daga gidan inabi

Jiya na mayar wa masu gidan giyar inabin da nake wa aiki makulli da rigar aikinsu, na hau jirgin ƙasa daga garin Sen-Emilyon na dawo birnin Bordo a nan Faransa, tafiyar da ba ta kai minti 40 ba amma wallahi ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka. Ku da kuka taɓa yin aikin tsinkar inabi a watan Satumba ko wankin kofuna a waɗannan gidaje kun san yanayin, ba sai na tsaya bayani ba. Kuma kafin wani ya fara min wa'azi, na san hadisin, na san har mai ɗauka da mai miƙawa an ambata, shi ya sa ma na bari da na samu wani abin yi. Awa 964 aka yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki a shekara a Faransa, kuɗin ɗaki kuma ba ya jiran kowa. Ban taɓa kurɓa ba ko sau ɗaya, hanci kawai na yi aiki da shi. Allah ya yafe mana.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar Babbar Sallah ta 2022, Asabar 9 ga Yuli. Na je idi da safe da shaddata da aka turara tun daren jiya da turaren wutan da inna ta aiko min daga Damagaram, na kuma shafa na kwalba a hannu da gemu kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi ranar Sallah. Daga masallaci na wuce aiki kai tsaye, na canza riga dai, amma kun san turaren namu ba ya barin jiki don ka canza riga. Ashe ranar ce wasu 'yan kasuwa uku daga Beljiyam za su zo ɗanɗana kayan shekarar baya, masu sayen kwali ɗari-ɗari, ba irin 'yan yawon buɗe ido masu sayen kwalba ɗaya su ɗau hoto ba. Ni na goge kofuna goma sha biyu da hannuna na jera su.

Mutumin farko ya juya kofi ya sa hanci, ya ɗago ya kalli abokinsa. Na biyu ya ce yana jin wani ƙamshi kamar na itace mai daɗi da bai san giyar inabin merlo da shi ba, har ya fara rubutawa a littafinsa, kun ji fa, rubutawa yake! Sai Madam, uwar gidan, ta ɗauki kofi ɗaya wanda ba a zuba komai ba ta shinshina, ta juyo ta kalle ni. A gaban baƙi ta ce ɗakinta ya koma warin kasuwar ƙasarmu, in fita. Ta sa aka buɗe tagogi, aka kawo wasu kofuna, amma an riga an ɓata, mutanen suka tafi ba su yi odar da ake sa rai ba, ni kuma aka mayar da ni bayan gida wajen injin wanki har wata biyu, ba na ganin baƙo balle ɗan abin da suke bari a faranti.

Laifina ne, ban musa ba. A ɗakin ɗanɗano ba a shafa turare, ba a kawo fure mai ƙamshi, ko sabulun wanke kofi sai marar ƙamshi, domin mafi yawan abin da mutum yake kira ɗanɗano ta hanci yake shiga, harshe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗan abin da ba a rasa ba kawai ya sani. Amma wa ya gaya min? Wata uku ina wurin babu wanda ya buɗe baki ya ce kada ka zo da turare. Kuma karen Madam yana shiga ɗakin nan ya kwanta ƙarƙashin tebur, mijinta yana tsayawa bakin ƙofa da sigarinsa, wannan duk ba wari ba ne. Bayan kwana uku gobarar daji ta tashi a Landiras da wajen La Test a yankin Bordo, warin hayaƙi ya kai har cikin Bordo, zafi ya doshi digiri 40, haka aka ci gaba da karɓar baƙi ana sayarwa, ban ji an kori hayaƙi ba.

A bayan gidan nan ne dai na koyi aikin na gaske, wajen wani tsoho da ya shekara sama da talatin yana kula da gangunan. Shi ya fara nuna min cewa kwalba ɗaya ce amma ba ta zama ɗaya a wuri biyu. Ƙarƙashin Sen-Emilyon duk ramuka ne da aka haƙa dutse aka gina garin da ma wani ɓangare na Bordo, sanyi a ciki kusan digiri 12 ko 13 rani da damina, ganguna masu cin lita 225 a jere, fitila dishi-dishi, warin katako da laima. In aka sauko da baƙi nan aka ba su labarin kakan kakan mai gida, aka zuba musu, za ka ga mutum ya lumshe ido kamar an yi masa albishir. Ka ɗauki wannan kwalbar dai ka zuba musu a ɗakin sayarwa na sama ƙarƙashin farin kwan lantarki, kusa da na'urar karɓar kati, sai ka ji ana "ba laifi". Mun sha samun saƙon waɗanda suka saya suka kai gida suna cewa an canza musu kaya, alhali ba abin da aka canza, ramin ne da hutun da matar da ke riƙe da hannun mai saye ba su shiga cikin kwalin ba.

Ni abin bai ba ni mamaki sosai ba don na san shayin fada. Ganye ɗaya, sukari ɗaya, amma na ukun da ake sha bayan isha'i a ƙofar gida ana gardamar kokawa ba ya taɓa zama ɗaya da wanda nake dafawa ni kaɗai a ɗakin ɗalibai. Da na faɗa wa tsohon haka dariya ya yi ya ce to ai na riga na gama karatun.

Shi ne ya ba ni labarin gwajin da aka yi a jami'ar Bordo a 2001, inda aka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya farar giya da aka rina ta ja da abin da ba shi da ƙamshi, suka zauna suna siffanta ta da kalmomin jar giya. Ido ya gani, hanci ya bi. Na 1976 kuwa ba ya son a tayar, lokacin da alƙalai Faransawa a Paris suka ɗanɗana ba tare da ganin sunan kwalba ba suka ba na Kalifoniya na ɗaya, in ka ambata sai ya ce a miƙo masa tiyo.

Ya kuma koya min gane kwalbar da toshiyarta ta lalata, wari ne kamar na jiƙaƙƙen kwali ko tabarmar da ta kwana a ruwa. Nan fa aka gane wanda bai taɓa sha ba ya fi masu sha hanci. Bayan an dawo da ni gaba, wata rana Madam ta buɗe tsohuwar kwalba mai tsada za ta zuba wa wasu Amurkawa, ina tsaye taku biyu daga ita na ji warin, na matsa na raɗa mata. Ta shinshina, ta yi murmushi ta ce wa baƙin hancinta ba ya yi mata ƙarya, a kawo wata. Suka tafa mata. Ko kallona ba ta yi ba, har yau ina jiran na gode ɗin. Amma daga ranar duk kwalbar da ta haura Yuro 100 sai an miƙo min toshiyar a ɓoye kafin a zuba, wannan kuma kowa a gidan ya sani.

Sauran ƙanana ne. Ranar farko ka tambayi abin da aka hana, kada ka jira a gaya maka. Jar giya in ta wuce digiri 18 a zafi warin barasa ne ke danne komai, baƙo zai ce kayan ne ba su da kyau. Kada ka goge kofi da tsumman da ya kwana a jiƙe. Kwanon da masu ɗanɗano ke tofar da giya a ciki a ajiye shi inda mutum ba zai ji kunya ba. Awanninka ka rubuta da kanka a wayarka. Wanda ya fi surutu a tebur ba shi ne mai saye ba, ka lura da mai shiru.

Jiyan da zan je sallama na ɗauko ragowar turaren inna na turara rigata sosai, na shafa na kwalba har sau biyu. Babu baƙi ranar, na duba tukuna, ba zan cuci tsohon ba. Na shiga ofis na ajiye makullin a kan teburinta, ta ɗago hanci ta buɗe baki za ta yi magana sai kuma ta fasa, ta sa hannu a takardar. Tsohon ya rako ni har bakin titi, ya kama hannun rigata ya shinshina ya daɗe, ya ce akwai sandal a ciki da wani abu kamar ƙaro, ya tambaya ko zan iya samo wa matarsa.