Hoton da na ɗauka a ƙofar mashayar John Snow

Har yau Yaya bai gama yafe mini hoton nan ba.

Na shekara shida ina aikin lafiya a karkara, kowace damina sai mun kafa tanti saboda amai da gudawa. Shi ya sa da na je Landan ƙaro karatu, abin da na fara nema shi ne famfon John Snow, likitan da duk ɗan ajin kiwon lafiyar al'umma ya haddace sunansa. Famfon yana unguwar Soho, a titin Broadwick, wanda a da ake kira Broad Street. Abin da malamanmu ba su faɗa ba shi ne, a bakin ƙofar mashaya yake, mashayar kuma sunan likitan aka raɗa mata.

Kuskurena na farko, ranar Juma'a da yamma na je. Ma'aikata sun tashi, titin ya cika maƙil, kowa da kofin giya a hannu, wani har ya jingina da famfon yana hira. Da ƙyar na gano jan dutsen da ke gefen hanya, wanda ke nuna inda famfon asali ya tsaya. Wanda ke wurin yanzu kwaikwayo ne, kuma da gangan aka bar shi ba hannu.

A nan ne cutar kwalara ta ɓarke a ƙarshen watan Agustan 1854, ta kashe mutum 616. Likitocin zamanin sun ce gurɓatacciyar iska ce. Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya ga kusan duk sun kewaye famfo ɗaya. Wata bazawara ma can Hampstead take zaune, nesa da Soho, amma saboda tana son ɗanɗanon ruwan, kullum ake kai mata shi a kwalba, ita ma ta rasu. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano tushen: ruwan wankin tsumman wata jaririya marar lafiya ake zubawa a ramin masai, taku kaɗan daga rijiyar. Ina tsaye ina tuna rijiyoyin da na gani da idona dab da shadda, jikina ya yi sanyi.

Sai na ce bari in leƙa ciki, tunda na zo. Na zauna kusan minti ashirin ina jiran mai kawo abin sha, ashe kai ne za ka tashi ka je kanta ka biya. Na sayi lemo. Wani dattijo da ya ga ina kallon hoton Snow ya yi dariya, ya ce mini shi mai sunan ba ya shan giya. Na bincika daga baya, haka ne kuwa. Wani abin mamakin kuma, ma'aikatan kamfanin giyar da ke titin sun tsira daga annobar, don ba sa shan ruwan famfon.

To da na fito, na miƙa wa wani waya ya ɗauke ni. Ban duba ba, murna ta sa na tura wa 'yan gidanmu a WhatsApp. Ga ni riƙe da kofi, ga allon mashaya a saman kaina, ga Turawa da giya hagu da dama. Famfon da na je dominsa, kafaɗata ta rufe shi ruf.

Ba a yi minti biyar ba Yaya ya kira.

"Karatun da aka tura ka ke nan?"

"Yaya, lemo ne wallahi. Wurin tarihi ne."

"Tarihin me ake yi a gidan giya?"

Na fara masa bayanin 1854, ya kashe wayar. Kafin in goge, hoton ya isa wurin ƙanwar Hajiya, daga nan kuma babu mai tare shi. Sai da na koma ranar Lahadi da sassafe, titi fayau, mashaya a rufe, na ɗauki famfon shi kaɗai da allon bayaninsa. Duk mai niyyar zuwa ya yi haka tun farko: da safe, ba kofi a hannu, ka juya wa ginin baya, ka duba hoto sau biyu kafin ka tura.

Hajiya ce kaɗai ta saurari labarin har ƙarshe. Da na gama ta ce, "To kai dai ba ka sha ruwan famfon ba ko?" Na ce Hajiya, ko hannu ba shi da shi.