Mako na shida da gyaran na'urar rana da duniya da wata

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, yau mako shida ke nan da na fara kwance tsohuwar na'urar da na saya a hannun wani dillalin kayan tarihi, kuma sai a wannan makon ne na gane inda matsalarta take. Irin na'urar nan ce mai nuna yadda duniya da wata ke zagaya rana, wadda Turawa ke kira orari, sunan da ya samo asali daga Charles Boyle, basarake mai sarautar Earl na Orrery na huɗu, wanda John Rowley ya ƙera wa irinta a Landan a farkon ƙarni na 18, bisa tsarin da mai ƙera agogo George Graham ya fitar. Tawa ƙarama ce, ta koyarwa a aji: ƙwallon tagulla a tsakiya a matsayin rana, sai hannun katako da ke ɗauke da duniya da wata, da kuma Zara a kusa da rana, siririyar sarƙa ce ke juya su duka.

Na wanke faifan haƙoranta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, domin giris ɗin da ke jikinsu ya daskare kamar ƙaro. Kuskure ɗaya na yi wanda har yanzu yake damuna: na goge gefe guda na ranar da man goge tagulla, sai ga shi na cire tsohon shafen da ya kare ta shekara da shekaru, wurin ya yi ƙyalli kamar sabon kwano a tsakiyar launin zuma. Don Allah kada ku yi gaggawar gogewa.

Babbar matsalar kuwa ita ce karkatar duniya. Sandar da duniya ke juyawa a kanta ta karkata da kimanin digiri 23 da rabi, kuma dole ne ta ci gaba da fuskantar gefe ɗaya duk tsawon zagayen shekara, domin wannan ne ke nuna yadda yanayin zafi da na sanyi ke sauyawa tsakanin arewa da kudu. A tawa, da na ɗaura hannun na zagaya sau ɗaya, sai sandar ta dawo tana kallon wani gefe dabam da alamar allin da na yi a kan tebur. Na shafe kwana uku ina zargin sarƙar ta saki, har na rage mata gaɓa ɗaya, abin bai gyaru ba. Sai da na zauna da fitila na ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ina ɗiga tawada a kan na farko, sannan na ga cewa faifan da ke ƙarƙashin duniya ya fi kafaffen faifan tsakiya da haƙori biyu. Wani ne ya taɓa gyara ta ya sa abin da ya samu. Idan faifan nan biyu ba su zo daidai a yawan haƙora ba, karkatar ba za ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, komai kyawun sarƙar.

Watan kuma lafiyarsa ƙalau. Na ƙirga sabon wata goma sha biyu da ɗan ɗori a zagaye guda, abin da ya yi kusa da lissafin gaskiya na 12.37, tunda tsakanin sabon wata da wani kwana 29 da rabi ne.

Wani ya tambaye ni yadda ake kimanta shekarun manyan orari masu taurari da yawa. Ku fara ƙirga ƙwallayen: William Herschel ya gano Yuranus a 1781, Neftun kuma an gano shi a 1846, don haka na'urar da ke da Neftun ba ta riga wannan shekarar ba, sai dai in daga baya aka ƙara mata hannu, kuma launin tagullar kan tona hakan.

Na kai faifan tsakiya wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ya auna shi, ya ce zai yanko mini tagwayensa daga farantin tagulla. Kafin ya gama, zan mayar da gaɓar da na cire daga sarƙar, wadda na ajiye a cikin kwalin ashana.