Shagon intanet da muka gina a aji, da tambayar da ta rusa shi

Na shiga kwas ɗin kasuwanci ta intanet a jami'a ina zaton za a koya mana gina shafi mai ɗaukar ido, mu jera hotunan kaya, mu sa maɓallin saye, shi ke nan. Makonnin farko kuwa ko kwamfuta ba mu taɓa ba. Malaminmu ya fara ne da tsarin EDI, wanda manyan kamfanoni ke aika wa juna takardun odar kaya da na neman biyan kuɗi daga kwamfuta zuwa kwamfuta tun kafin intanet ta iso hannun jama'a. Ya ce har yau cinikin da kamfani ke yi da kamfani ya fi na ɗaiɗaikun masu saye yawan kuɗi nesa ba kusa ba. Gaskiya na gundura. Ni labarin Amazon nake son ji, wanda Jeff Bezos ya kafa a 1994 ya fara da sayar da littattafai.

Da aka raba mu rukuni-rukuni, mu huɗu muka zaɓi shagon takalma. Kwana uku muka yi muna gardama a kan launin shafi. Ranar gabatarwa malam ya bari muka gama tsaf, sannan ya ce: "To, idan takalmin bai yi wa mai saye daidai ba, wa zai biya kuɗin dawo da shi?" Muka yi tsuru-tsuru. Nan take ya sa ni hawa allo in yi lissafi: kuɗin tallan da za a kashe kafin mutum ɗaya ya saya, kason da kamfanin karɓar kuɗi ta kati ke cira, kwali, hayar wurin ajiya, jigilar kai kaya, da ta dawowa. Kafin in kai ƙasan allon ribar ta ƙare. Ashe duk takalmin da muka sayar asara ce, kuma iya yawan cinikin iya zurfin ramin.

Daga baya na karanta cewa waɗanda suka fi mu kuɗi da ilimi sun faɗa irin wannan ramin. Pets.com a Amurka ya yi suna da talla, amma yana aika buhunan abincin dabbobi masu nauyi a farashin da bai biya kuɗin jigila ba, ya rufe a 2000. Webvan, kamfanin kai wa mutane cefane gida, ya ƙulla kwangilar dala biliyan 1 don gina manyan ɗakunan ajiya kafin ya samu isassun masu saye, ya durƙushe a 2001. Abin ya ɗan sanyaya mini rai, ko ba komai mu maki kawai muka rasa.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa shi ne na amana. Mai saye bai taɓa kayan ba, bai ga fuskar mai sayarwa ba, me zai sa ya saki kuɗinsa? eBay, shafin da mutane ke saye da sayarwa a tsakaninsu, ya bar masu ciniki suna ba juna shaida a fili bayan kowace mu'amala. Alipay, tsarin biyan kuɗi da kamfanin Alibaba na China ya ƙirƙira, kuma ya fara ne da riƙe kuɗin mai saye a hannunsa har sai mai sayen ya tabbatar kayan sun iso. A ganina wannan dabarar ta fi duk wata ƙawar shafi da muka ɓata lokaci a kai.

A gabatarwa ta biyu shafinmu bai kai na farko kyau ba. Mun sa jadawalin auna ƙafa, mun rubuta sharuɗɗan mayar da kaya a shafin farko, mun rage nau'ukan takalman daga talatin zuwa takwas. Malam ya daɗe yana duba takardar lissafinmu, shafin kuwa ko buɗe shi bai yi ba.