Godiya ta musamman kan walimar ritayar Baba

Assalamu alaikum jama'a. A madadin Baba da Inna da duk 'yan gidanmu ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ƙauyenmu nan gefen Ringim ranar Asabar, wallahi ba mu zaci za a cika haka ba, kanofi ya kasa sai da aka shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci. Mai gari, liman, abokan aikinsa na Dutse, iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci.

Wasu cikin yaran yanzu ganin Baba kawai suke da mota a matsayin shugaban sashen lambuna da wuraren shaƙatawa, ba su san daga inda aka faro ba. A gandun daji ya fara, tun Jigawa tana cikin Kano kafin a ƙirƙiro ta a 1991, yana cusa ƙasa da taki a leda yana renon irin darbejiya da turare, irin waɗanda aka jera a arewacin jihar don tare iskar hamada. Daga nan aka mai da shi Dutse, a can ya cika shekara 35 ɗin da doka ta yanka wa ma'aikaci.

Amma godiyar da Baba ya ce lallai in rubuta ita ce ta leburori da masu gadi da masu ban ruwa. Dasa bishiya ai kowa ma yana yi, a zo da kyamara a ɗau hoto a watse, aikin yana ga wanda zai kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya turo kura cike da jarkoki cikin zafin watan Afrilu kullum har damina ta sauka, albashin kuma ba wani abin kirki ba. Dattawan nan sun zo, har da wanda da ƙyar yake takawa da sanda, da Baba ya hango su sai ya bar kujerarsa ya koma tabarmarsu ya zauna, ni dai a nan hawaye ya zo min.

Matasan ƙungiyoyin ƙwallo ku ma mun gode da riga da kofin da kuka kawo masa. Kun tuna lokacin da wasu suka so yanka filinku su yi shaguna ya tsaya kai da fata, har aka daina gaisawa da shi a wasu wuraren, to ga shi har yau a nan kuke buga wasanku.

A taya mu addu'a Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa haƙƙinsa na garatuti ya fito ba tare da yawo ba. Waɗanda suka karɓi dashen mangwaro da zogale a wajen taron don Allah a riƙa ba su ruwa a ledarsu, sai ruwan sama ya zauna a dasa. Sannan akwai babbar kula shuɗiya da aka manta a zaure, mai ita ya aiko a ɗauka.