Shago a bakin teku: zaman ɗan Adar a ƙauyen masunta

A Tawa idan aka ce wane ya tafi bida Kodibuwa, Abijan kowa yake kawowa a ransa, Ajame ko Abobo, inda ƴan Adar suka yi yawa har mutum ya wuni bai yi wani yare ba sai Hausa. Ni ba can nake ba. Zamana a wani ɗan ƙauyen masunta ne yamma da Sasandara, kuma tun da na zo gida damanar bana samari a fada suke tambayata abin da ake samu a irin wannan lungu.

Daga Abijan hanyar bakin teku ake bi, ta Dabu da Garan Lahu da Faresko har Sasandara, ita ce ta zarce San Pedro, tashar jiragen ruwan da ake fitar da kakawo. Da hanya ce mai kashe mota, amma an gyara ta kafin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2024. Inda kwalta ta rabu da kai sai ka hau kabu-kabu, ku ratsa gonakin roba da na kwakwar manja a kan jar laka, har ka fara jin rurin teku tun ba ka gan shi ba.

Yayana, wanda ya daɗe da shago a cikin Sasandara, shi ya kai ni. Bai bari na sauke ko buhu ɗaya ba sai da muka je gaban maigari. Ƙasar ta ƙabilar Neyo ce, kuma suna da ƙa'idarsu ta karɓar baƙo: a ba ka wurin zama, a ba ka ruwa, sannan a tambaye ka labarin da ka zo da shi, ko da kowa ya san abin da ya kawo ka. In za ka tashi ma sai ka roƙi hanya, su ce sun ba ka rabi, wato rabin na dawowa ne. A nan aka haɗa ni da dattijon da ya zama mai masaukina, ya ba ni hayar ɗaki mai ƙofa a bakin hanya. Da muka fito yayana ya ce mini: "Ƙanena, a Abijan in ka ɓata da wani sai ka sake unguwa. Nan unguwar ɗaya ce." Baƙo kuma ba ya mallakar ƙasar karkara a Kodibuwa, dokar 1998 ta keɓe wannan ga ƴan ƙasa. Don haka duk daɗewarka a inuwar wani kake, kuma mutuncinka a wurinsa shi ne takardarka ta gaskiya.

Abin da ya fara gwada ni danshi ne. Mu da muka tashi inda ake shanya wanki ya bushe kafin a gama alwala, can riga takan kwana biyu a igiya tana warin ruwa. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe ba dare ba rana. Kwaɗon ƙofa sai ana ɗiga masa mai, in ba haka ba wata safiya makulli ya ƙi juyawa. Gwangwanin tumatir ya yi tsatsa a kan kanta, gishiri ya jiƙe a buhu, ashana ta ƙi kamawa sai an adana ta cikin kwalba mai murfi. Kilishin da aka yi mini guzuri hunhuna ta rufe shi. Ruwan sama mai ƙarfi daga Afrilu ne zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita, ya dawo a Oktoba da Nuwamba. Sauro kuwa ba shi da lokaci, sange dole ne duk shekara, masassara kuma ba a yi mata jinkirin zuwa likita.

Amma ainihin karatun da na yi a ƙauyen na littafin bashi ne, kuma shi nake so mai niyyar zuwa ya fahimta. Masu shiga teku galibi ƴan Fanti ne, asalinsu Gana, sun yi zango a bakin ruwa da manyan kwale-kwalensu masu fenti da injin a gefe. Maza su kamo, mata su saye a bakin gaɓa, su yi banda a kan murhu, su kai kasuwa. Kuɗin gari a hannun matan nan yake juyawa. Ran da kifi ya fito, kafin azahar shagona ya cika: shinkafa, mai, sukari, madara, sabulu, batir, kuɗi hannu. Ran da taru ya fito wayam, mutanen nan dai su ne za su zo, da buƙatun nan dai, amma ba ko dala a hannu. Mai shagon da ya ce ba ya ba da bashi ba zai kai shekara ba, wanda kuma ya bayar ba lissafi jarinsa zai narke.

Sai na koyi duban teku kamar yadda Baba yake duban gabas in damina ta kusa. Ranar Talata ƴan Fanti ba sa shiga ruwa, al'adarsu ce, ranar ɗinkin taru ce da gyaran jirgi, don haka ba na tsammanin biya ran Talata. In wata ya yi sha huɗu, farin wata ya haske ruwa, ƙananan kifin da suke kewayewa da taru cikin duhu ba ya kamuwa sosai, sai in san makon na rubutu ne. Lissafin watan Musulunci da na taso da shi ya yi mini rana a nan fiye da yadda na zata. Kakar kifi ta gaske kuma tana zuwa ne lokacin da ruwan teku ya yi sanyi, wajen Agusta da Satumba, a nan ake share littafi.

Akwai wata dattijuwa mai banda da kowa ke kira Mama, nima haka nake ce mata. Ba ta karatu, amma ba ta taɓa mance ko dala biyar da ke kanta ba. Takan zo da asuba, hayaƙi ya rine mata idanu, ta ɗora kwano a kan kanta ta ce in auna mata shinkafa in rubuta. Wata shekara da kifi ya yi wuya bashinta ya haura jika talatin, ban ce mata komai ba. Da kaka ta zo, ta kwance bakin zane ta ƙirga mini kuɗina cif, ta ɗora mini kifin banda a takarda ta ce: "Ɗana, wannan na haƙuri ne." Daga ranar ita ce take raɗa mini wanda zan ba bashi da wanda zan yi wa uzuri, kuma ban taɓa bin shawararta na yi asara ba. Ina ganin wannan ya fi duk wata riba da na ci a garin.

Kaɗaici yana nan, ba zan ɓoye ba. Musulmin ƙauyen ba mu da yawa, mu ne da wasu ƴan Mali da Burkina masu aikin gona, muna salla a wata rumfar kwano, Juma'a kuwa sai Sasandara. Da azumi ba ka jin mai tashe, kowa yana cin abincinsa da rana. Cikina ya saba da aceke, wato turaren garin rogo, da soyayyen kifi, wanda ƴan uwanmu ƴan Nijar suka yi suna da sayar da shi a birane, amma akwai yammacin da ba abin da rai ke so sai hura da nono. Maƙwabtana sun san ba na shan giya, ba na cin alade, ba su taɓa matsa mini ba. Ni kuma in aka yi musu mutuwa nakan rufe shago in je in zauna, in ba da gudummawata a rubuta sunana tare da na ƴan gari. Wasu ƴan uwa suna ƙyamar haka. Ni a ganina wanda ya sha ruwan rijiyar mutane bai kamata a neme shi ranar kukansu a rasa ba.

Kuɗinmu ɗaya ne da nasu, sefa, don haka abin da na tara ba ya raguwa wajen canji, ta waya nake turawa ya iso Tawa a ranar. Da shi aka sayi hatsi a shekarun da gona ba ta yi ba, da shi na yi ɗaki biyu a gidanmu. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 nake ƙara gaya wa masu tahowa su riƙe takardunsu cikakku, har da katin ƙaramin ofishin jakadanci.

Wahalar da ta fi damuna yanzu ta watan Yuli ce. Tun 2023 hukuma take rufe kamun kifi na ƙananan masunta tsawon watan, don kifi ya hayayyafa. Manufar mai kyau ce, masuntan da kansu suna cewa kifi ya ragu, amma wata guda ba shiga ruwa yana nufin gari duka a littafina yake ci. Watan nan ne kuma ake noman farko a Adar, lokacin da Baba ya fi buƙatar hannu. Shago ba ya rufuwa a lokacin da mutane suka fi dogara da shi, gona kuma ba ta jira. Shi ya sa muka raba da ƙanena: shekara ɗaya shi a gona ni a shago, shekara ɗaya mu juya. Bana shi ke shago. Kafin in taho na cika masa kanta da shinkafa da mai, na kai shi wajen mai masaukina da wajen Mama, na ce kada ya tambayi kowa kuɗi sai jirage sun koma ruwa a Agusta.