Abin da ɗakin tukwane ya koya wa birkila

Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin birkila a Kumasi, daga Aboabo har Tafo, amma sai da na shiga gyaran sashen zane-zane na wata ƙaramar kwaleji na san da sauran karatu a gabana. A takarda aikin ba wuya: a cire tsohon kwano mai yoyo, a ƙara ɗaki biyu, ɗaya na masu fenti, ɗaya na masu ginin tukwane. Na ɗauka aji ne kamar kowane aji.

Mun kai bulo tsayin taga sai ga wata dattijuwa, malamar tukwane, ta zo ta tsaya a kan ramin da muka haƙa wa bututun ruwa. Tsohuwar ɗalibar sashen zane na KNUST ce, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sashen da aka taso da shi daga kwalejin Achimota ta Accra a 1952. Ta ce, "Ɗana, ina ruwan wanke hannu zai bi?" Na ce, "Mama, kwata mana." Ba ta yi musu ba. Ta ɗebo yumɓu ta dama a bokiti, ta ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo, ruwa ya kwanta garau a sama, laka ta daskare a ƙasa har sai da na sa cebur. Ta ce, "In yara arba'in suka wanke hannu kullum, abin da zai zauna cikin bututunka ke nan." Jikina ya yi sanyi. Washegari muka fasa abin da muka yi, muka gina rami mai ciki biyu a ƙarƙashin famfo, laka ta kwanta a na farko, ruwa ya tsallaka na biyu ya wuce.

Ita ce kuma ta hana mu yin daɓe a miƙe. Ƙurar busasshen yumɓu tana da ɓarɓashin yashi mai cin huhu a hankali, saboda haka ba a share ɗakin da tsintsiya, wankewa ake yi. Dole daɓen ya ɗan karkata zuwa magudana. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ni ma shekara da shekaru ina shaƙar ƙurar siminti ba takunkumi.

Batun taga ya fi jan gardama. Mai zanen ginin ya sa manyan tagogi ta arewa, wai hasken arewa ba ya rawa, haka littafi ya ce. Malamin fenti ya ce littafin a Turai aka rubuta shi. Kumasi ba ta kai digiri 7 daga tsakiyar duniya ba, don haka daga Afrilu zuwa Agusta rana takan karkata arewa, ta faɗo wa mai zane a kan takarda, launi ya ruɗe masa. A ganina malamin ne da gaskiya, kuma na faɗa a gaban kowa duk da ba a tambaye ni ba. Aka ƙara rumfa mai faɗi a bisa tagogin.

Tanderun gasa tukwane, da zafinsa ke kai digiri 1,000, waje muka fitar da shi, maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, suka ƙera mana bututun hayaƙi. Katakon kantoci kuwa na icen odum muka sayo a kasuwar katako ta Sokoban, don gara ba ta cika cinsa ba.

Ranar da aka buɗe wurin na ga wani yaron Asawase zaune gindin taga yana zayyana irin ta allon sauka, da tawada ja da kore, haske na sauka a kan hannunsa ba kaifi. Na daɗe a bayansa bai sani ba.

Har yanzu nakan biya ta kwalejin in ɗaga murfin ramin nan. Ran Asabar da ta wuce bokiti uku na laka muka kwaso, Mama ta sa yara suka tace ta, suka mayar cikin yumɓun aiki.